Ciyawar da Ta Haifi Metformin

Mun saba raba maganin ciwon sukari gida biyu: na asibiti da na gargajiya. Wani ya riƙe ƙwayar metformin, wani ya koma wa shuwaka, zogale, garahuni ko jiƙon hulba. Amma katangar da ke tsakaninsu ba ta kai tsayin da muke zato ba, domin ita ma ƙwayar tushenta ciyawa ce.

Cutar dai tsohuwa ce. Likitocin Indiya na zamanin da sun lura tururuwa na taruwa a fitsarin mai ita. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bayyana alamominta, har ya sa hulba cikin haɗin da yake bayarwa. A Turai kuwa, masu magani sun daɗe suna ba mai ƙishirwa da yawan fitsari wata ciyawa, Galega officinalis. Ana ba dabbobi ita don ƙarin nono, sai dai idan tumaki suka ci da yawa tana kashe su.

Da masana suka bincike ta, sai suka tarar da sinadari dangin guanidine a cikinta. A 1918 aka tabbatar guanidine na saukar da sukarin jinin zomaye, amma gubarsa ta yi yawa. Jamusawa suka sarrafa shi suka fitar da Synthalin, daga baya aka janye shi saboda yana lalata hanta.

A 1922 Emil Werner da James Bell suka haɗa metformin a Dublin. A shekarar ce kuma aka fara yi wa majinyata allurar insulin a Toronto, hankalin duniya ya koma can. Sai a 1957 wani likitan Faransa, Jean Sterne, ya wallafa sakamakon gwada shi a kan masu ciwon, aka raɗa masa Glucophage, wato maci sukari. Ɗan'uwansa phenformin ya fi shi ƙarfi, amma Amurka ta hana shi a 1977 saboda rayukan da ya ci. Shi kansa metformin sai a 1994 ta amince da shi.

Ke nan ciyawa ta nuna hanya, amma shekaru aka kwashe ana raba magani da guba. Ganyayenmu suna farkon wannan tafiya: jami'o'inmu sun gwada shuwaka da zogale a kan ɓeraye, an ga sukari ya sauka. Sai dai kofin jiƙo na yau ba lallai ƙarfinsa ya zo ɗaya da na gobe ba. Mai haɗa shi da ƙwaya sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa warwas. Wanda ya jefar da ƙwaya kuma yana kasada da idonsa, ƙodarsa da ƙafarsa.

Mukan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A sukarin jini kam ido bai isa ba: mu auna, kuma mu gaya wa likita abin da muke sha.