Daga Majigi Zuwa Keken Tela

Tun daga shekarun 1960, lokacin da 'yan kasuwa Kwarori suka mamaye silimomin Kano da finafinan Indiya, 'yan kallo suka ga sutura mai kama da tasu: doguwar riga ga maza, mayafi ga mata. Wannan kamanni ne ya sauƙaƙa kwaikwayo, domin tela bai buƙaci sauya komai ba sai yankan wuya da hannu.

Kaset ɗin bidiyo ya faɗaɗa lamarin. Bayan Turmin Danya na 1990, fim ya shiga ɗakunan matan aure a garuruwa irin su Gaya da Ajingi, waɗanda al'ada ba ta bari su je silima ba. Abin da jaruma ta sa a fagen rawa sai ya zama abin da amarya ke nema a Kantin Kwari.

A nan rigimar ta taso. Gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, kuma a 2007 aka tsaurara doka kan matsattsun kaya.

Sai dai tela ya riga hukuma tacewa. An ɗinka kayan fim don haske da 'yan mintuna a gaban kyamara. Na gida kuwa za a yi salla da su, a hau babur, a durƙusa gaban surukai. Shi ya sa yake ɗaukar adon wuyan jarumar, ya ƙara tsawo, ya saki ƙugu.