Kula da Tsohuwar Motar Japan: Yadda Ake Gane Ciwonta da Tsawaita Ranta

Yawancin motocin da ke zirga-zirga tsakanin Mirriya da birnin Zinder, tafiyar kimanin kilomita 18, ƙirar ƙasar Japan ne, kuma tsofaffi ne. Su ke kai kayan lambu da tukwane kasuwa, su ke kai marar lafiya asibiti cikin dare. Ko kai ne mai motar, ko direbanta, ko yaron mota, ko kuwa ɗan ƙungiyar da ta haɗa kuɗi ta saya, wannan bayani naka ne. Ba zai mai da kai bakanike ba. Zai dai taimake ka ka gane ƙaramar matsala tun ba ta zama babba ba.

1. Waɗanne motoci ake nufi?

Kamfanin Toyota ya fara ƙera Corolla a 1966, Hiace a 1967, Hilux kuma a 1968. Tsohon samfurin ƙaramar motar nan Starlet an daina ƙera shi tun 1999, saboda haka duk irinsa da ka gani a hanya ya haura shekara 25. Da yawansu sun gama aiki a Turai kafin a sauke su a tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome.

Abin da ya sa suka daɗe shi ne injinsu ba shi da rikitarwa, kanikawanmu sun san shi, kayan gyaransa kuma ba su da wuyar samu. Amma tsohuwar mota kamar tsohon mutum take: tana iya aiki, sai dai ba ta jure sakaci.

2. Abubuwa uku da ke cin mota a ƙasarmu

Na farko zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40. Ruwan inji da na batir suna saurin ƙafewa, robobi kuma suna bushewa su tsage.

Na biyu ƙura. Inji yana shaƙar iska kamar yadda kake shaƙa. In ƙurar hunturu ko rairayin hanyar ƙauye ya shiga cikinsa, sai ya riƙa goge ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa.

Na uku gurɓataccen mai. Tun 2011 matatar SORAZ da ke arewa da Zinder take tace fetur, wato isansi, da gazuwal, kuma man gidan mai ya fi aminci. Man kwalba na bakin hanya wani lokaci yakan zo da ruwa ko datti. In dole ta sa ka saye shi, ka tace shi da ƙyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki.

3. Duban safe

Kafin ka tada mota, ka ba ta minti biyar. Ta kasance a wuri shimfiɗaɗɗe, inji kuma da sanyi.

• Man inji: zaro sandar awo, goge ta, mayar, sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamu biyu. In ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga cikinsa. Kada ka tada motar.
• Ruwa: duba lagireto, wato tankin ruwan da ke gaban inji. Ruwan rijiya mai kanwa ko gishiri yana toshe ƙananan hanyoyinsa. Ruwan sama da aka tace ya fi, a haɗa shi da ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa a shagon kayan mota.
• Man birki: in ya ragu ƙwarai, akwai inda yake yoyo, ko kuma takalman birki sun cinye.
• Fanbel, wato kurwa: danna shi da babban yatsa. Kada ya lotsa fiye da santimita 1, kada kuma ya kasance da tsaga.
• Tayoyi: a auna iskarsu tun suna da sanyi, har da safaya.
• Ƙasan mota: in ka ga ɗigon mai ko ruwa, nemi inda ya fito.

4. Ayyukan da ake yi bisa lissafin kilomita

Juyen mai, wanda ake ce wa bidanji, a yi shi duk kilomita 5,000, tare da sabuwar matatar mai. Motar da ke bin hanyar rairayi kullum gara a yi mata tun a kilomita 3,000. Tsofaffin injuna a ƙasa mai zafi sun fi son mai mai kauri, irin wanda aka rubuta 20W-50 ko 15W-40 a jikin galan ɗinsa. Ƙara mai a kan tsoho ba ya zama juye, domin dattin yana nan ciki.

Matatar iska a ciro ta duk mako lokacin ƙura, a kakkaɓe ta a hankali. In ta takarda ce, ba a wanke ta da ruwa ko fetur. In ta yage, a sauya. Kada ka yarda a bar mota tana tafiya babu ita.

Akwai wani bel mai haƙora da ke ɓoye cikin murfi a gaban injuna da yawa, shi ke daidaita buɗewa da rufewar bawul. Ana sauya shi wajen kilomita 100,000. A injin gazuwal na Hiace da Hilux, in ya tsinke ana cikin tafiya, yakan lalata kan inji. In ka sayi motar hannu, babu tabbacin ranar da aka sauya shi, to ka sauya.

5. In mota ta ƙi tashi

Kada ka yi ta murɗa makulli har batir ya mutu. Kunna fitilun gaba, ka saurara.

In fitilu sun dushe, kana jin "ƙas-ƙas" kawai, matsalar batir ce ko kawunansa. Duba ko sun yi farin gari ko sun kwance. Cire wayar da ke da alamar (–) tukuna, wanke da ruwan zafi, goge, ɗaure da kyau, sannan ka mayar da ita a ƙarshe. Batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6, in inji na aiki kuma wajen bolt 14. In ruwansa ya ragu, ruwan batir tatacce ake ƙarawa, ba asid ba.

In fitilu na da haske sosai amma inji bai juya ba, zargi na kan sitata ko wayarsa. Mota mai giyar hannu ana iya tura ta a giya ta biyu don a kai ta gareji.

In inji yana juyawa amma bai kama ba, to mai ne bai iso ba, ko wuta. A motar fetur, duba ko akwai mai a tanki, ko matatarsa ta toshe, ko wayar fulogi, wato buji, ta cire, ko kuma ruwa ya jiƙa su lokacin damina. A motar gazuwal, sau da yawa iska ce ta shiga hanyar mai. Danna ɗan famfon da ke saman matatar har ya yi tauri. Da sanyin safiyar hunturu kuma, ka jira fitilar ɗumama inji ta mutu kafin ka murɗa makulli.

6. In inji ya ɗauki zafi

Da zarar allurar zafi ta doshi ja, sauka gefen hanya ka kashe inji. Kada ka ce bari in ƙarasa Gidimuni ko in kai tasha. Tafiyar minti biyar tana iya ƙone inji ɗungum.

Kada ka buɗe murfin lagireto nan take, tafasasshen ruwa zai watso maka a fuska. Jira aƙalla rabin awa, sa tsumma mai kauri, buɗe sannu a hankali. Kada ka zuba ruwan sanyi cikin inji mai zafi, kansa zai iya tsagewa. Bayan ya huce, duba ko tiyo ya fashe, ko fanbel ya tsinke, ko fanka ta daina juyawa, ko ciyawa da ƙura sun toshe gaban lagireto.

Fitilu biyu ja ba a yi musu gardama. In ta mai ta kama ana cikin tafiya, kashe inji nan take. In ta batir ce, tsaya ka duba fanbel, domin a motoci da yawa shi ne kuma ke juya famfon ruwa.

7. Abin da hayaƙi ke faɗa

Baƙin hayaƙi: mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Fara da duba matatar iska.
Shuɗin hayaƙi: inji yana ƙona mansa, alamar ringi sun cinye. Riƙa auna mai kullum, ka fara tanadin kuɗin gyara.
Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, ruwa kuma na raguwa: ruwa na shiga inda wuta ke ci. Wannan aikin bakanike ne.

Kada ka bar inji yana aiki cikin rufaffen ɗaki. Hayaƙinsa na ɗauke da guba marar wari da ke kisa.

8. Birki da taya: a nan rai yake

In ka taka birki ka ji shi taushi, ko ya nutse ƙasa, ko mota ta ja gefe guda, ko ka ji ƙarar ƙarfe da ƙarfe, kada ka ɗauki fasinja sai an gyara. Ba a zuba man inji ko ruwan sabulu a madadin man birki. Irin man da ya dace a rubuce yake a kan murfin, galibi DOT 3.

Kowace taya tana ɗauke da shekarunta. Nemi lambobi huɗu a gefenta. In ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta wuce shekara shida, ko da zanenta bai goge ba, tana iya fashewa a kan kwalta mai zafi, balle in an yi mata lodin da ya fi ƙarfinta.

9. Kai da bakanike

Riƙe bakanike ɗaya wanda ya san motarka. Faɗa masa abin da ka ji, da abin da ka gani, da lokacin da ya fara. Ku yi ciniki kafin a kwance ko da noti ɗaya, kuma ka nemi a ba ka tsohon kayan da aka cire. Kayan jabu sun cika kasuwa, Hausawa kuma sun ce araha ba ta ado. In kuɗi sun gaza, kayan hannu na asali sun fi sabon jabu, amma ban da bel da takalman birki da matatu. Waɗannan sababbi ake sa wa.

Baƙin man da aka juye kada a zubar da shi kusa da rijiya ko lambu. Yana nutsewa cikin ƙasa ya ɓata ruwan sha da na ban-ruwa. A tara shi cikin jarka mai murfi.

10. Littafin mota

A nan karatunka zai yi maka rana. Sayi ƙaramin littafi ka ajiye cikin mota. Ja layi huɗu: kwanan wata, lambar kilomita, aikin da aka yi, kuɗin da aka kashe. Misali, in an yi juyen mai agogon tafiya yana nuna 245,300, ƙara 5,000, ka rubuta 250,300. Ranar da agogo ya kai nan, lokacin wani juyen ya yi. In agogon ya mutu, lissafa da hanya: zuwa Zinder da dawowa kilomita 36 ne, sau uku a yini ya zama 108, ke nan juyen mai duk wata ɗaya da rabi.

Kowace rana kuma ka ware wani abu daga cinikin mota, ka rubuta shi a shafi na dabam da sunan kuɗin gyara. Rigakafi ya fi magani, kuma kuɗin galan ɗin mai bai kai na sabon inji ba.