Shagulgulan Yara a Ƙasar Jega Kafin Zuwan Bikin Ranar Haihuwa

A al'adar Hausawan Jega da Aliero da Maiyama ba a san bikin zagayowar ranar haihuwa ba, domin da damina akan ƙidaya shekarun mutum. Shagulgulan da suka shafi yaro su ne suna, ran bakwai ga haihuwa, da shayi, da walimar saukar Alƙur'ani.

Tun da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa Jega wajen 1820, kasuwarta ta zama zangon fataken Gwanja. Goro ya samu gindin zama a taron suna, tare da masa da gumba da naman rago. Manya na walima, yara maza na langa, 'yan mata na gaɗa da carafke.

Makarantar boko ce ta yaɗa rubuta ranar haihuwa, musamman daga shirin ilmin firamare kyauta na 1976. Har a lokacin akan sa yaro ya kamo kunnensa ta bisa kai don a ƙiyasta shekarunsa. Daga baya ne kek ya shiga wasu gidaje. Abin tsoro shi ne waƙoƙin gaɗa su bi tsofaffin da suka haddace su kafin a rubuta su.