Yadda Hayaniya Ta Zama Mataimakiyar Sigina Mai Rauni

Tun Yaƙin Duniya na Biyu injiniyoyin rada ke ɗaukar hayaniya, wato hargitsi marar tsari da ke cuɗanya da sigina, a matsayin abokiyar gaba. A 1981 Roberto Benzi da Alfonso Sutera da Angelo Vulpiani suka saɓa wa wannan fahimta. Abin da ya dame su shi ne zamunnan ƙanƙara masu dawowa kusan duk shekara 100,000, alhali sauyin falakin duniya mai wannan zango ya yi rauni ainun. Suka nuna hargitsin yanayi kan iya tallafa masa ya ƙetare shinge. Har yau ana taƙaddama kan batun ƙanƙarar, amma a 1983 Fauve da Heslot sun tabbatar da ƙa'idar cikin da'irar lantarki, muddin hayaniyar ba ta wuce kima ba.