Manjo Janar Hassan Usman Katsina (1933–1995): ɗan sarki, soja, gwamnan Arewa

An haifi Hassan Usman Katsina ranar 31 ga Maris, 1933, a gidan sarautar Katsina. Mahaifinsa shi ne Sarki Usman Nagogo, kakansa kuwa Sarki Muhammadu Dikko. Ya yi karatu a Kwalejin Barewa da ke Zariya, ya shiga aikin soja a 1956, ya kuma samu horo a makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila. A zamanin da manyan gidaje ke kallon soja a matsayin aikin ’ya’yan talakawa, shigar ɗan sarki cikin kaki ta rage wa aikin wannan tabo a Arewa.

Yana Manjo mai jagorantar rundunar motocin sulke a Kaduna aka yi juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, wanda a cikinsa aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Janar Aguiyi-Ironsi ya naɗa shi gwamnan soja na Jihar Arewa yana da shekara 32. Kujera ce mai zafi: jama’a na cikin juyayi, sarakuna na ɗari-ɗari da sojoji, ƙananan sojoji ’yan Arewa kuma na cike da fushi. A wannan shekara aka yi kashe-kashen ’yan Gabas mazauna Arewa, a watan Mayu da kuma Satumba zuwa Oktoba, kuma gwamnatinsa ba ta iya hana su ba. Duk mai auna mulkinsa dole ya sa wannan a sikeli. Ya halarci taron sulhu na Aburi a Ghana a Janairun 1967.

Abin da ya fi daɗewa daga mulkinsa ya taɓa gidansu kai tsaye. A zamaninsa aka ɗauki hanyar raba sarakuna da kotuna, da ’yan doka, da gidajen yari na En’e. Kafin nan, alƙali a Anka ko Gummi ma’aikacin En’e ta Sakkwato ne, sarki kuma yana zaman shari’a a fadarsa. Da sabon tsarin ya fara aiki, kotunan suka koma hannun gwamnati. Cikin waɗanda suka rasa wannan iko har da mahaifinsa, wanda ke kan gadon sarauta a lokacin. Wataƙila da wani bare ne ya zo da wannan sauyi, da ba a haɗiye shi cikin sauƙi haka ba.

Ranar 27 ga Mayu, 1967, Yakubu Gowon ya raba Arewa zuwa jihohi shida, ƙasar Zamfara ta faɗa Jihar Arewa maso Yamma. Hassan ya shugabanci hukumar riƙon ƙwarya mai kula da kadarorin da jihohin suka gada tare. Daga 1968 zuwa farkon 1971 shi ne babban hafsan sojojin ƙasa, lokacin da yaƙin basasa ya kumbura rundunar daga kimanin mutum 10,000 zuwa sama da 200,000. Ya bar aiki a 1975, bayan hamɓarar da Gowon.

A gida yana riƙe da sarautar Ciroman Katsina. Da Sarki Nagogo ya rasu a 1981, ɗan’uwansa Muhammadu Kabir Usman ne ya gaji sarautar, shi kuwa ya ci gaba da zama a Kaduna a matsayin ɗaya daga cikin dattawan Arewa. Wasan ƙwallon dawaki, wanda kakansa ya kafa a Katsina, mahaifinsa kuma ya shahara a kai, ya riƙe shi hannu bibbiyu har ya shugabanci ƙungiyar wasan ta ƙasa.

Ya rasu ranar 24 ga Yuli, 1995, yana da shekara 62. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Katsina tana ɗauke da sunansa, haka ma wurin shaƙatawa na Ƙofar Gamji da ke bakin kogin Kaduna.