Tsaron intanet a harkar kasuwanci: Ƙofofin da masu kutse ke bi da yadda ake rufe su

Tsaron intanet a harkar kasuwanci shi ne matakan da ɗan kasuwa ko ma'aikata ke ɗauka domin kare kwamfutoci da wayoyi da na'urorin POS da asusun banki daga masu kutse da 'yan damfara. A da ana ganin wannan aiki na bankuna da manyan kamfanoni ne kaɗai. Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon shekarar 2023 ya tilasta wa 'yan kasuwa, daga Kantin Kwari har kasuwannin ƙauye, komawa ga tura kuɗi ta waya. Tun daga lokacin jarin mutane da yawa ya rataya a kan layin waya da lambar sirri.

Inda haɗarin yake

Masu kutse sukan nemi wurin da ya fi rauni ne. Alal misali, dillalin hatsi a kasuwar Dawanau yana iya tura wa yaronsa kuɗin sayen masara a Karaye ko Rogo, yaron kuma ya cire su a wurin mai POS a Turawa. Kuɗin sun bi ta wayar maigida, da wayar yaron, da na'urar mai POS. Idan ɗaya daga cikin ukun ta faɗa hannun ɓarawo, kulawar sauran biyun ba za ta hana asara ba.

Hanyoyin da aka fi sani huɗu ne. Ta farko ita ce yaudara ta kira ko saƙo, inda wani zai ce daga banki yake, ya nemi lambar BVN ko lambar tabbatarwa da banki ke turowa. Ta biyu satar waya ko layi, domin layin da aka yi wa asusu rajista da shi mabuɗin asusun ne. Ta uku alat na bogi, wanda kan sa a saki kaya alhali kuɗi ba su shigo ba. Ta huɗu manhajar garkuwa da bayanai, wadda ke kulle kwamfuta har sai an biya fansa. A watan Mayun 2017 irin wannan manhaja mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila, alhali kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran da ke toshe kafar tun a watan Maris. Waɗanda suka yi jinkirin sabunta kwamfutocinsu su abin ya shafa.

Matakan kariya

Matakin farko shi ne lissafi: mai kasuwanci ya rubuta dukkan na'urori da layuka da asusun da yake aiki da su, da sunan wanda ke riƙe da kowanne. Daga nan sai ya fara da wanda asararsa za ta fi durƙusar da shi.

Kowane asusu ya kasance da kalmar sirrinsa daban, a kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel da WhatsApp. A sa wa katin SIM lambar kullewa. A raba asusun karɓar ciniki da na ajiyar jari, a kuma ƙayyade abin da za a iya fitarwa a rana. Kada a saki kaya sai an ga kuɗi a cikin manhajar banki. Na'urar Wi-Fi ta shago ko ofis a canza mata kalmar sirrin da ta zo da ita. Littafin bashi da bayanan kwastomomi a ajiye kwafinsu a wata ma'adana da ba ta haɗe da kwamfutar aiki. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, a ranar za a sauya duk lambobin da ya sani.

Abin da doka ta tanada

Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta wajabta wa masu tafiyar da tsarin kwamfuta kai rahoton kutse cikin sa'o'i 72 ga cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Dokar kare bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ita ma ta sa wa'adin sa'o'i 72 na sanar da hukumar idan an saci bayanan jama'a ta yadda za su iya cutuwa.

Idan ɓarna ta auku

Abin da ke gaba da komai shi ne gaggawa. A kira banki a rufe asusu, a sa kamfanin sadarwa ya toshe layin, sannan a kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC tare da saƙonni da rasitan da ke hannu. Bankuna da dama na da lambar da ake dannawa daga kowace waya a rufe asusu. Ya kamata maigida da yaransa su rubuta ta a takarda tun kafin ranar buƙata, musamman masu sayayya a ƙauyukan da ke nesa da reshen banki.