Campbeltown: Tsohon Jirgin da Ya Yi Ɓad-da-kama

Yau na ɗan jingine labarin soyayya, zan ba ku tarihin wani jirgin ruwan yaƙi, irin ƙananan nan masu gudun tsiya da ake kira distiroya, waɗanda aikinsu rakiyar manyan jirage ne da farautar na ƙarƙashin teku.

A Amurka aka ƙera shi, ya shiga ruwa a 1919 da sunan Buchanan. Siriri ne mai bututun hayaƙi huɗu, tsawonsa kamar mita 96. Bai ga yaƙin duniya na farko ba, kuma har ya tsufa kafin na biyu. A 1940 Amurka ta ba Ingila irinsa guda 50, ita kuma ta karɓi sansanonin soja, nan aka raɗa masa suna Campbeltown.

To, a lokacin Jamus na da wani ƙaton jirgi, Tirpitz, wanda ya hana Ingila barci. A duk gaɓar Atilantika da ke hannun Jamus, wuri ɗaya ne tak zai iya ɗaukarsa in ya bukaci gyara, wato tashar Saint-Nazaire a Faransa. Sai Ingila ta ƙudurta rusa ƙofar wurin.

Nan ne labarin ya fi burge ni a matsayina na marubuci, domin tsufan jirgin ne ya sa aka zaɓe shi, tunda ba mai kukan asararsa. Aka cire bututu biyu, aka yanke sauran a karkace don ya yi kama da jirgin Jamus, aka rage masa nauyi saboda ya haye yashin kogin Loire, sannan aka binne nakiya sama da tan 4 a goshinsa cikin siminti.

Daren 28 ga Maris 1942 ya shigo da tutar Jamus. Da asiri ya tonu, Kwamanda Beattie ya sa aka ɗaga ta Ingila, ya tuƙa shi cikin ruwan wuta ya gwabza wa ƙofar da ƙarfe 1:34. Shiru, nakiya ba ta tashi ba. Gari ya waye Jamusawa suka hau suna kallo, sai wajen tsakar rana ta tarwatse da su.

Cikin mutum kusan 600 da suka je, 169 sun mutu, an kama 215. Ƙofar kuwa ba ta gyaru ba har yaƙi ya ƙare, Tirpitz kuma bai taɓa leƙa Atilantika ba.